Kunyar Ɗan Fari a Ɗakin Magani

Har gobe ban manta da ranar da likita Bature ya zo rangadi garin Isa ba, zamanin ina malamin asibiti na En'e. Aikina wanke gyambo da raba kwinin. Abin da ya fi ƙarfina sai in ajiye wa likita, in yi masa tafinta.

Ranar wata mata da surukarta suka kawo ɗanta Buba, ɗan Fulanin Burkusuma, bai wuce shekara uku ba. Shawara ta tafi ta dawo, ga ƙullutu ƙarƙashin haƙarƙarin dama, an sha saiwoyi har an gaji. Likita ya lalluba cikin, ya ce in tambayi uwar launin kashinsa.

Na tambaya, ta juya mana ƙeya. Likita ya fara hasala, a zatonsa rashin kula ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗi, balle zancensa gaban surukarta."

Sai na bi ta wajen kakar, tunda jika abokin wasa ne. Na ce, "Inna, wanga mijin naki ya cika raki."

Ta ce, "Ina miji nan? Kashinai hwari kamar farar ƙasa, hitsari kamar shayi. Ni yaji za ni yi."

Na fassara har da yajin, likita ya yi dariya, sannan ya nutsu. Ya ce hanyar da ruwan matsarmama ke bi zuwa hanji ce ta kumbura, da ita aka haife shi, kuma shi ma a littafi kawai ya san ciwon. Sai an yi aiki a babban asibiti, in ba haka ba hanta ta lalace. Amma ba a fiɗa sai da yardar iyaye, ga uban ya yi nisa da shanu.

Na maimaita wa uwar. Ba ta ce uffan ba, ta tashi ta fita. Wallahi na ce a raina shi ke nan mun rasa yaron.

Da muka leƙa waje, sai ga ta zaune a kujerar bayan motar likita da ƙunshinta, tana kallon wani gefe.

Likita ya ce, "Wannan i ne ko a'a?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a tayar da mota kawai."

Bayan girbi Buba ya dawo da ido fari tas, ya shanye mini furata.

Ku da kuke aikin yanzu, in mutanenmu sun yi muku shiru, kada ku yi saurin yanke hukunci. Ku dubi inda ƙafarsu ta nufa.