Jan Harafi a Gaban Kwali

Kakata Ta-Sallah ba ta iya tatsuniya hannu sake ba. A garinmu Attantane, bayan tuwon magariba, tana ɓarar gujiya tana tura kara a murhu, mu jikoki mun kewaye ta. Wanda ya yi gyangyaɗi, ɓawo zai same shi a goshi.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta kura da goruna biyu. Wai wata tsohuwa ta zuba waken ci a gora ɗaya, na iri a ɗaya. Na irin ta cakuɗa shi da maganin ƙwari mai kisa, ta shafa wa wuyan goran jar ƙasa don kada jikoki su taɓa. Kura ta shigo sata, ta duba, ta ce ai ba a yi wa abin banza kwalliya. Ta kinkimi mai ja. Kwana uku tana birgima a bayan gari.

Na ce tsohuwar muguwa ce. Kaka ta ce, "Ke mai bakin tsiya, alama ta faɗi gaskiya. Kura ce ba ta tambayi 'yan gida ba."

Sai da na haura arba'in na shiga karatun manya. A shekarar likita a Mayahi ya ce maigidana Malam Idi na da ciwon sukari, in ba a kula ba za a rasa ƙafa. Ya rame, ya yi fari. A butik, wato kanti, na ga kwalin abin sha, gabansa haruffa biyar jere, daga kore zuwa ja, jan ya fi girma. Mu kuwa mun tashi da sanin ja na ƙara jini. Wata biyu ina saye ina ɗura masa, da hannuna.

Malamarmu ce ta hango kwalin a jakata. Ta ce koren A shi ne na kirki, jan E kuwa gargaɗi ne, sukari ya yi yawa.

Yatsun ƙafa biyu aka cire wa Malam. Bai taɓa yi mini maganar ba, shi ne ke hana ni zama wuri ɗaya. Na girma ina yi wa kura dariya, ashe rashin tambaya bai bar kowa ba.

Yanzu kowane kwali sai na juya shi, har mai butik ya gaji da ni. Amma yawancinsu ba ja, ba kore. Jiya Malam ya miƙo mini gwangwanin da 'yan dubiya suka kawo, ya ce, "Hadiza, duba mini." Na juya shi sau uku, ba alama ko ɗaya. Yana kallona, yana jira.