Dodon da Na Ɗinka da Hannuna

Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi. Jikokina ne suka ja, don duk sanda na tarar da su sun ƙura wa fim ɗin dodanni ido na sa baki, sai su ce wai ni me na sani a harkar. Ba su san kakansu ya taɓa zama Dodo da rana tsaka a birnin Kano ba.

A shekarun nan na gab da samun mulkin kai, ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, ina dukanci a Jakara, kusa da kasuwar Kurmi. Hannuna yana da kyau a kan fata, wannan ko mai jin haushina ya sani, amma kaina rawa yake yi. A gidanmu akwai kakata, mahaifiyar babana, wadda ba ta kirana da komai sai mijin banza, ni kuma in ce da ita amaryar da ba haƙori. Yana ta rufe mata ido, ta bar kaɗi, ta bar zuwa unguwa. Abu ɗaya ya rage mata, shi ne tatsuniya. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida, yara daga lungu uku su cika ta har su sauka ƙasa. Tana da wani tulu mara ruwa da take kafa baki a ciki in za ta yi muryar Dodo, sai ka ji kamar daga ƙarƙashin ƙasa ake magana. Wannan sa'ar ita ce rayuwarta, tun safe ita take jira.

Ina da aboki Babarbare, ɗan Yakasai, wanda ke aiki a motar majigi mai zagayawa ƙauyuka tana nuna wa mutane yadda ake wanke hannu da yadda ake shuka gyaɗa. Mu kuwa asalinmu Fulani ne, don haka ba ma haɗuwa ba a yi tsiya ba. Wani Bature da ya yi wa hidima, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa 'yar na'urar ɗaukar hoto mai motsi, wadda ake wanawa kamar agogo, da ƙaramin injin haskawa, da faifan fim biyu da ba a taɓa ba. Abokina ya zo rumfata yana tambayata me za mu ɗauka. Na ce masa shekara nawa yana nuna wa mutane sabulu, ko mutum ɗaya ya taɓa firgita? Mu yi Dodo, irin na tatsuniyar kakata, wanda ke zaune a ruwa yana jiran budurwa mai ɗiba. Ya ce wai shi dama ya san Bafillace ba ya rasa hauka, amma wannan haukar ta yi masa.

Washegari da hantsi na durƙusa gaban tsohuwa, na ce ta kwatanta mini Dodo daga kai har ƙafa. Ta tambaye ni ko rana ta faɗi ne ba ta sani ba. Ta ce ba a tatsuniya da rana, duk wanda ya yi sai ya ɓata a hanya, ko a garin da aka binne cibiyarsa ne. Na ce ai na'urar ba ta gani sai da rana. Ta ce to wannan na'ura ba ta da tarbiyya. Ta ƙara da cewa shekara hamsin tana ba da labarin Dodo ba ta taɓa faɗar kamanninsa ba, kowane yaro shi ke ɗinka nasa a cikin kansa. Na yi dariya na ce ai ɗinki sana'ata ce. Wannan dariyar ita nake nadama har yau.

Kwana tara ina aikin. Na tattara fatun awaki waɗanda majema suka ƙi, na haɗa su riga guda har ƙafa. Na yi gashi da rama, na rina shi baƙi, na samo wutsiyar bijimi da ƙaho biyu a wurin mahauta. Haƙora na fere su daga fasasshiyar ƙwarya, idanu kuwa gindin kwalba ne. Kan ya fito da girma kamar masaki, ga wari wanda ya sa maƙwabcin rumfata ya koma cin abinci a waje. Sai matsalar budurwa, don ba uban da zai ba mu 'yarsa. Muka lallashi wani wanzamin unguwarmu, siriri mai ƙaramar murya, ya yarda ya ɗaura zane ya ɗauki tulu, bisa sharaɗin za a rufe masa gemu da gyale kuma ba wanda zai gaya wa surukinsa.

Ranar ɗauka muka tafi wani kududdufi bayan unguwa da azahar, muna zaton ba kowa. Da yake rigar ba ta da maɓalli, sai na sa abokina ya ɗinke ni a ciki ta baya da zaren fata, na kuma ce ya ja sosai kada in ji kunya. Ya ja kuwa, irin jan mai ramuwa. Na shiga ruwa na tsuguna har wuya, wanzami ya taho yana yanga kamar an haife shi da zane, abokina yana nuna shi da na'ura. Da aka ɗaga mini hannu na miƙe ina ruri. Abin da ban lissafa ba shi ne jiƙaƙƙiyar fata nauyi take yi, kuma kan ya juya, ramukan da na huda don gani suka koma wajen kunnena. Wanzami da ya san ni ne, ya ga abin yana fitowa daga ruwa ya yar da tulu ya ranta a na kare da gaske. Ashe kuma akwai masu wanki da masu yin tubali a ɗaya gefen. Sai ihu ya tashi, karnukan mahauta suka ji warin fata suka yo kaina.

Malam Edita, na yi gudu ban ga gabana ba. Na bugi katanga, na bugi jaki, na ji na taka wani abu mai laushi wanda daga baya aka ce mini tallan alala ne. Ina jin ƙofofi ana rufewa, mata suna kiran 'ya'yansu. Ni da aka haifa a birnin nan, na san kowane lungu kamar tafin hannuna, sai ga ni ban san gabas ba. Da na ji inuwa na faɗa ciki, ashe soron wani gida ne a Madabo, ana tsakiyar taron suna. Na zarce har tsakar gida cikin mata. Da farko suka watse, sannan wata jaruma ta fara da muciya, sauran suka biyo da ludayi da taɓarya da itacen wuta. Na dinga salati da iya ƙarfina. A nan ne wata dattijuwa ta ce a dakata, ita dai tun da take ba ta taɓa jin Dodo mai salati ba. Aka kira maigidan ya farke ni da wuƙa, na fito kamar ɗan akuyan da aka haifa yanzu. Da suka gama dariya har fura suka ba ni, aka kuma raka ni gida, kan Dodo a hannuna. Kakata ta yi dariya har ta kwanta, tana tambaya wai mijin banza, ta ina aka bi aka ɓata?

Aka aika faifan Ikko ta jirgin ƙasa don a wanke, ya yi wata biyu kafin ya dawo. Ashe duk abin nan da ake yi abokina bai daina ɗauka ba. Muka kafa farin zane a ƙofar gidanmu bayan magariba, aka haɗa injin da batirin mota. Jama'a suka cika lungu har kan katanga. Fim ɗin ba shi da murya, bai kuma fi tsawon shan ƙoƙon kunu mai zafi ba, amma sau shida muka maimaita shi. Ba wanda ya ji tsoro. Da Dodo ya fito da kai a karkace sai dariya ta ɓarke, da ya bugi jaki har da masu faɗuwa ƙasa. Surukin wanzami ma yana wurin, ya gane shi ta tafiya. Na zama abin nunawa a Kurmi, ana zuwa rumfata don a ga Dodo, ciniki ya buɗe, kaina ya yi girma. Duk Juma'a sai mun nuna.

Na fi wata ina cikin wannan daɗi kafin in lura da tabarmar kakata. Yara sun daina zuwa. 'Yan kaɗan da suka zo, da ta kafa baki a tulu sai suka fashe da dariya, suna cewa ai yaya ne cikin fatar akuya, wanda aka daka da muciya. Ta yi dariya tare da su, ta kai labarin ƙarshe da sauri. Bayan nan kullum sai ta shimfiɗa tabarmar, ta ajiye tulun a gefe, ta zauna ita kaɗai har a kira isha, sannan ta naɗe. Wata rana na shigo na tarar ta sa an cika tulun da ruwa an kai madafa. Na ɗauke wa makauniyar tsohuwa abu ɗaya da ya rage mata, na sayar da shi a kan dariyar lungu, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini don me ba.

Na durƙusa na nemi gafara, hawaye na zuba. Ta shafa kaina ta ce in tashi, ita ba ta son miji mai kuka. Sai ta ce in gaya mata duk abin da ke cikin hoton nan, tun da ita ba ta gani. Na lissafa mata: ruwa, da wanzami da tulu, da ni, da mutane suna gudu. Ta tambaya ko masu gudun sun san ni ne a lokacin. Na ce a'a, tsoronsu na gaske ne. Ta ce to a cikin abin nan duk mutum ɗaya ne ya yi yawa.

Na gane. Na je wurin abokina da wuƙar dukancina, muka ɗaga faifan a rana muna dubawa. Duk inda ƙahona ko wutsiyata ta fito, na sa wuƙa na yanke, shi kuma yana liƙewa. Yana ta tambayata ko na tabbata, don ba wani kwafi a duniya. Ba zan ɓoye ba, ya yi mini zafi, musamman wurin jakin nan. Abin da ya rage bai kai rabi ba.

Juma'ar da ta biyo muka kafa zane, na zubar da ruwan tulun na ajiye shi gaban kakata, a tabarmarta, dab da hasken. Yara suka taru suna jiran dariya. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, suka amsa da wasa. Ta ce musu wanda suka gani kwanaki mijinta ne na banza, kowa ya san shi. Amma ranar nan, mai ruwan da kansa ya ji ana kwaikwayonsa, ya taso ya ga wane ne. Shi ba ya kamuwa a hoto, sai dai a duba fuskar waɗanda suka gan shi. Injin ya fara. Ga ruwa shiru. Ga budurwa ta sunkuya da tulu. Ruwan ya motsa, kakata ta kafa baki a tulunta, budurwa ta ɗago ido ta ga wani abu da mu ba mu gani ba, ta yar da tulu. Sai ga manyan mutane masu gemu suna gudu suna waiwaye, baki buɗe. Lungun nan ya yi tsit, sannan yara suka kwashi ihu suka faɗa jikin tsohuwa, wasu har ƙarƙashin zanenta. Wanzami da kansa ya tafi gida da takalmi ɗaya. Ni da na san ni ne a ruwan, sai da na waiwaya bayana. Ita kuwa tana ta kyarma, na zaci wani abu ne, ashe dariya take dannewa.

Shekara huɗu ta ƙara a duniya, tabarmarta ba ta sake zama fili ba, Allah ya jiƙanta. Faifan ya daɗe da lalacewa, kan Dodo kuwa gara ta cinye.

Ga abin da nake so in gaya wa samarin da ke ɗaukar fim yanzu, har da masu sha'awar dodannin gargajiya. Ku yi, abu ne mai daɗi, ni ban taɓa jin daɗi irin na kwana taran nan ba. Amma kafin ku taɓa labarin da kuka tarar a gida, ku duba ko akwai tsohuwar da take rayuwa a kansa, ku tambaye ta, in ta yi magana kuma kada ku yi dariya. Dodon da na ɗinka da hannuna na san kowane zare nasa, bai taɓa firgita ko ɗan yaye ba bayan an gane shi. Na kakata kuwa ban taɓa ganin fuskarsa ba, ga shi na tsufa, jikoki sun kewaye ni, amma har yau in hanya ta bi da ni ta bakin kududdufi sai na ƙara sauri.