Kurungun Kawu Bawa

Hannuna na cikin gurar kamun kifi ta Kawu Bawa, ƙayar kurungu ta shige mini tafi, sai na ji tarinsa bisa gaɓar gulbi.

"Kai Lawali, mi ka samu?"

"Wallahi Kawu, gyara maka ita nake!"

"Awo. Ɗan ƙanwata mai taimako."

Kwana uku hannun na kumbure kamar gwanda, kullum sai ya leƙo ya tambayi Inna: "Yaya jikin mai gyara?"

Ku da kunka san shi, kun san bai taɓa yarda da ɗan Adam ba. In zai tafi duba gura, reshe yake ja a baya yana share sawunsa. In ya ciro kurungu yana gurnanin nan nasa, sai ya kara shi a kunne, ya gyaɗa kai: "Ya ce an zo jiya. Mai baƙin wando." Duk garinmu Zugu wa ba shi da baƙin wando?

Ran sunan ɗan Mamman mai faci, anka kawo miyar kifi, kowa na ci, shi yana jera ƙashi bisa tabarma.

"Mamman, wanga kan na san shi."

"Haba Bawa! Daga Gummi na sayo!"

"To, har Gummi sunka kai shi kenan."

Babban sirrinsa wani rami ne a gindin gulbi inda kurungu ke kwanciya cikin laka. Ni da Yaya Sani mun yi shekaru muna roƙo, don wanda ya gada shi ne ɗan gida. Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira mu ɗaya-ɗaya. Yaya ya fito yana murmushi. Sannan ni ma na shiga.

"Kawu, ramin fa?"

"Mi zan faɗa maka? Gindin itacen farun nan da ka shekara biyar kana sata, ai shi ne. Don wa kake zato nake barin manyan ciki?"

Bayan sadakar bakwai na tura wa Yaya saƙo:

"Yaya, ka daina wahala a mashayar shanun da Kawu ya faɗa maka, babu ko ƙwaɗo nan, gwada bakinka ya yi. Zo gobe da hantsi in nuna maka. Taho da reshe, mu share sawu. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta inda babu mai taɓa masa gura."