Malam Yunana, Mai Tonon Lakar Bakolori

Kafin ma'aikata su iso ofis, Malam Yunana ya riga ya naɗe wando ya shiga magudanar ruwa ta bayan Bakura da bokiti da ɗan shebur. Laka yake ɗiba. Ya kawo ta ɗakin gwaji a Mafara, ya tace, ya ɗiga a gilashi, ya sunkuya kan madubin ƙara girma har azahar, yana duba tsutsotsin da ido ba ya gani. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki.

Daga Zuru ya zo yana saurayi, dam ɗin Bakolori bai jima da cika ba. Mutane na cikin baƙin cikin fadamun da ruwa ya cinye, ba mai son ganin ma'aikacin gwamnati a gonarsa. "Mai Tsutsa" ake ce masa a kasuwa, kuma ba yabo ba ne.

Ranin da tumatir ya yi ta yaushi a Dosara, ga ruwa ga taki, wani dattijo, Jatau, ya ƙudura zai bar gonar da aka ba shi madadin ta ubansa, ya tafi kudu. Cewa yake ƙasar dam ba albarka. Yunana ya je a keke, suka gaisa, ya tuge tushe ɗaya ya nuna masa saiwar duk ta kumbura.

"Baba Jatau, ƙasarka lafiya lau take. Tsutsa ce a saiwa."

"Malam, mi zan gani nan? Ni ban ga tsutsa ba."

Yunana ya goya shi a keke har Mafara. Jatau ya daɗe da ido a madubi, sannan ya ɗago a hankali. "Ashe wanga abu ya kashe min noma?"

Yunana ya ce masa ya huta da tumatir shekara biyu, ya shuka masara. Jatau bai tafi ba. Jikokinsa ke noman gonar yau.

Ba kowace tsutsa Yunana ke ƙi ba. Ya taɓa karantawa cewa akwai danginsu cikin yashin ƙasan teku, wasu ko baki ba su da shi, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikinsu ke ciyar da su, su kuma suna kai ƙwayoyin inda abinci yake. Sau uku ya nemi a tura shi kwas bakin teku ya gan su. Ba a amsa ba.

Bara ya ajiye aiki, idanu sun dushe. An kulle ɗakin gwajin, ba a ɗauki kowa a madadinsa ba. Matarsa Martha ke riƙe hannunsa zuwa coci. Bana tumatir na yaushi a Faru, manoma na kawo masa saiwa gida, yana shafawa da yatsu.

Kai ne ka shiga lakar da kowa ke ƙyama, Malam Yunana. Kai ne ka tsayar da magidanta a gonakinsu, ba wanda ya rubuta sunanka. Mun gode, Allah shi saka.

Masu karatun gona na Maradun da Bakura, ku je gare shi tun yana nan. Abu ɗaya yake roƙo: "A buɗe ɗakin, a share. Ko ban gani ba, zan faɗa wa mai ido abin da yake kallo."