Mama ta shirya za ta aji

Yau da safe na shiga wa Mama da kunu, na tarar da ɗakin wayam. Na fita ko takalmi babu, sai ga ta a bakin titin unguwarmu a Kazaure, jaka a hammata, tana tsayar da mai adaidaita.

Mahaifiyata farfesa ce. Tun kafin a haife ni take koyar da ilimin ƙasar noma a jami'a. Ta yi ritaya ta dawo gida, sai mantuwa ta fara kama ta.

Na ce, "Mama, ina za ki?"

Ta ce, "Ɗalibaina na jira. Ni ban taɓa makara ba."

Likita ya hana mu yi mata musu, sai na ce ai an dawo da ajin gida. Ta biyo ni muka koma, na shimfiɗa tabarma na zauna a gabanta. Ta ɗebi ƙasa a tsakar gida ta murza, ta shiga yi mini bayanin abin da ya sa gyaɗa ke son jigawar Roni, tiryan-tiryan, ko gargada babu.

Har na fara murna. Ta karkaɗe hannunta, ta ƙura mini ido ta ce, "Kina da natsuwa, yarinya. 'Yar gidan wa ce ke?"

Gobe ma na san za ta tambaya. Don Allah, waɗanda suka yi jinyar iyaye a wannan hali, me kuke ce musu?