Katakon da Kawu Ya Zo da Shi daga Ikko

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya dawo daga Ikko a shekarun da ƙasa ta rikice, bayan shekara goma sha ɗaya ba mu sa shi a ido ba. Duk wanda ya je kudu ya dawo, an san abin da yake shigowa da shi: rediyo, keke, ko aƙalla akwatin ƙarfe mai fenti. Shi Kawu da ya sauka daga mota a Gaya, ya tako da ƙafa har ƙauyenmu na bakin kogi kusa da Gafasa, abin da ke kafaɗarsa katako ne guda ɗaya tal, naɗe cikin buhu. Inna ta dubi katakon, ta dubi ƙaninta, ta juya ta koma madafa.

Tsawon katakon ya kai kafaɗar babban mutum, faɗinsa kuwa bai fi taƙi guda ba. Gabansa ya ɗan lanƙwashe sama, bayansa ya tsuke. A tsakiya akwai roba biyu, ɗaya gaban ɗaya, inda ake zura ƙafafu. Ta ƙarƙashi, can wajen ƙarshe, an ɗaura wani ƙarfe mai kama da ruwan gatari. Kawu yana kiran ƙarfen nan wutsiya, ya ce in babu ita katako sulɓewa yake yi ta gefe, ba ya jin magana.

A Ikko, aikinsa a wajen wasu Turawa ne masu wasa a ruwa. Yana zama a bayan jirgi mai inji, fuskarsa tana kallon baya, shi ke kula da igiya. Wata rana bayan la'asar, a ƙofar masallaci, ya ba da labarin yadda abin yake. Ya ce jirgi yana miƙewa a guje, mutum yana baya riƙe da doguwar igiya, tsaye a kan katako irin wannan. An jera ƙwallaye shida a ruwa, uku dama, uku hagu, mutumin yana kewaya su ɗaya bayan ɗaya, yana kwantawa gefe har kafaɗarsa ta kusa shafar ruwa. In ya gama shidan, sai a rage masa tsawon igiya, ya sake.

Sarkin ruwan garinmu, tsoho mai kaifin baki, shi ne shugaban masunta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, shekara arba'in ina cikin kogin nan. Ban taɓa ganin abin da ya tsaya a kan ruwa ba sai kainuwa. Amma ka ce Ikko ne, wataƙila ruwansu daskararre ne."

Aka tuntsire da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma ƙauye ba ya mantuwa. Yara suka riƙa bin Kawu suna kiransa mai tafiya a kan ruwa. Ko cewa ya yi ya ga hadari a gabas, sai wani ya ce a bari a tambayi mai ido. Abin da ya fi ciwo ya faru a gaban mai unguwa, ranar da ake rigimar iyakar gona tsakanin maƙwabtanmu biyu. Kawu ya san iyakar tun yana yaro, ya miƙe zai ba da shaida. Mai unguwa ya yi murmushi ya ce, "Zauna abinka, wannan maganar tudu ce." A wurinmu mutumin da ba a karɓar shaidarsa ya zama hoto, ko da yana ci yana sha. Ranar na ga Inna tana daka tana share hawaye da gefen zane, kuma daga ranar na daina dariya.

Shekarata goma sha takwas lokacin, ina iyo kamar tarwaɗa, ga taurin kai. Na same shi a zaure na ce, "Kawu, ka koya mini."

Ya ce, "Da wane jirgin?"

Ashe shi ya daɗe da amsar a ransa. Ya ja ni bakin kogi, ya nuna mini wata tsohuwar giyayya da ke tsaye a tsakiyar yashi, daidai inda gaɓa biyu suka matse. Da rani a inuwarta awaki ke kwanciya. Da damina kuwa ruwa yana kewaye ta, yana wucewa da gudun da ko masunta ba sa wasa da shi.

"Can jirgi ne ke gudu, ruwa yana tsaye," in ji shi. "Nan itace zai tsaya, ruwa ya yi gudun. Katako bai san bambanci ba."

Rani guda muka yi muna shiri. Muka jiƙa rama, muka tufka igiya riɓi uku, tsawonta gaba goma sha biyar, har tafin hannuna ya yi kanta. Ya sassaƙa mariƙi da icen marke, ya ɗaure shi a bakin igiyar ta gefe biyu. Robar ƙafa ta tsufa ta tsattsage, muka samo tsohon tiyub wajen mai gyaran keke a kasuwar Ajingi, Kawu ya yanka shi daidai ƙafata. Sai ya zaunar da ni a yashi, ƙafar hagu gaba, ta dama baya, gwiwoyi a ƙirji, yana jan igiya ina miƙewa. Masu wucewa da jakuna suna cewa sannunku da aiki, suna ƙunshe dariya.

Karatun nasa kaɗan ne, amma sai da ya haddatar da ni kamar Fatiha. Hannu a miƙe, kada a lanƙwasa gwiwar hannu. Gwiwar ƙafa a sake. Ƙugu gaba, ƙirji sama. Kada ka kalli katako, ka kalli inda za ka. Kada ka ja igiya, ka jingina da ita kawai, ita za ta ɗauke ka. In kana son dama, ka danna gefen katako na dama cikin ruwa, ka kwanta a kai. Na ƙarshen shi ne wanda ya fi nanatawa: "In ka faɗi, ka saki. Ka ji ni? Ka saki."

Nan ne matsalar take, domin mu ba a haife mu da sakin igiya ba. Rijiyoyin ƙasarmu zurfi gare su. Tun kana ɗan shekara bakwai, ranar da aka fara ba ka guga, abin da za a koya maka shi ne ka naɗe igiya a wuyan hannu. Wanda ya saki guga ya faɗa rijiya, ya sha duka, ya je aron ƙugiya gida gida, kowa yana tambayarsa ko hannunsa na kunu ne. Haka in aka ba ka igiyar bijimi: ya ja ka cikin ƙaya, ya ja ka cikin kunya, amma ba ka saki. Kawu ya san da haka. Duk lokacin da ya ga na juya hannu zan naɗe, sai ya make ni da tsumagiya.

Damina ta sauka, muka yi noma, muka yi maimai. Tsakanin maimai da girbi akwai ɗan sarari, kuma a lokacin ne kogi ke cika ya tumbatsa. Kawu ya hau gora irin ta masunta, ya kwanta a kai ya tuƙa da hannu har giyayya, ya ɗaure igiya a gindin babban reshe, ya zauna a kai yana ba ni umarni. Sati biyu na yi ina shan ruwa. Ruwan ja ne wur, mai ɗanɗanon laka, ina jin na sha wanda zai ishi garken shanu. In na lanƙwasa hannu, na faɗi ta baya. In na miƙe da wuri, hancin katako ya nutse na tafi da ka.

Wata safiya kuma, ban san me na yi dabam ba, sai kawai ruwa ya sake ni. Na ji katako ya taso, ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafata kamar daɓe, ruwa yana shuu a gefe, iska tana busar da fuskata. Na ɗaga kai na ga Kawu a kan reshe, ya toshe bakinsa da hannu biyu. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ruwan nan, kuma babu abin da nake kewa a duniya kamar safiyar.

Tunda ba mu da jirgi, ba yadda za a yi a kewaya ƙwallaye. Kawu ya ɗaure gora biyu da duwatsu, ɗaya can dama, ɗaya can hagu. Aikina in yanko ruwa in bugi ta dama da katako, in juyo in bugi ta hagu, har sau shida. Da na fara kai huɗu, sai ya ce lokaci ya yi. Ya je da kansa ya gaya wa Sarkin ruwa, a gaban mutane, cewa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a zo bakin kogi.

Gari ya fito kaf. Har daga Toranke an zo, domin labarin ƙarya ya fi na gaskiya sauri, kowa yana son ya ga yadda za ta ƙare. Mata suka tsaya can baya a kan tudu. Sarkin ruwa ya kawo samarinsa biyu da gorunansu ya ajiye su a ƙasan wurin, ya ce don a tsamo gawa. An yi ruwa can saman kogi kwana biyu kafin nan, kogi ya ƙara gudu fiye da yadda na saba.

Na shiga, na zura ƙafafu, na kama mariƙi. Ruwa ya danno ni, na jingina, na tashi. Wani irin ihu ya taso daga gaɓa, sannan wurin ya yi tsit. Na danna gefen dama, katako ya yanka ruwa, feshi ya tashi sama da kaina, na ji ƙwas, gora ta farko. Na juyo. Ta biyu. Ta uku. A ta huɗu na ji wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga kan tudu.

A nan hannuwana suka fara gajiya. Mariƙin ya jiƙe yana santsi, yatsuna suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Saura biyu. Ga gari duka yana kallo, ga Kawu a kan reshe. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, hannun ne ya yi abin da ya sani tun yana ƙarami. Ya juya, ya naɗe igiya sau biyu a wuyan hannun hagu. Na ji Kawu ya ƙwala mini kira, amma na riga na kwanta zuwa ta biyar.

Na buge ta. A juyowa hancin katako ya caki ruwa, na kifa. Da na saki, da kogi ya ɗauke ni a hankali, kamar yadda ya saba yi mini kullum, ya kai ni wajen samarin nan. Amma igiya ta riƙe ni, ruwa ya hau kaina ya danna ni ƙasa. Na buɗe yatsu, a banza, naɗin sai ƙara shiga nama yake yi. Katako ya fizge daga ƙafata. Ban ga komai ba sai ja, sannan baƙi.

Daga baya aka gaya mini Kawu ya zaro wuƙa ya datse igiyar daga gindinta. Samarin Sarkin ruwa suka tare ni can ƙasa, suka jawo ni gaɓa, aka kifa ni aka matse ruwa. Katakon kuwa babu wanda ya bi ta kansa. Wani ya ce ya hango shi yana juyi ya sha kwana, shi ke nan.

Da na farfaɗo, abin da na fara ji muryar Sarkin ruwa ce. Yana tsaye a kaina, amma da Kawu yake magana, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce, "Malam, na ci mutuncinka a gaban jama'a, to a gaban jama'a nake cewa ka yafe mini. Na gani da idona." Kawu yana durƙushe, jiƙe sharkaf, yana warware ramar daga hannuna.

Inna ta yi kwana bakwai ba ta yi wa ƙaninta magana ba. A rana ta takwas ta aiko masa da fura. Da hantsi ne, muna zaure, yana shafa mini man kaɗanya a ciwon. Ni kuwa kunya ta hana ni kallonsa, domin na ɓatar masa da abu ɗaya da ya kawo daga shekara goma sha ɗaya. Na ce, "Kawu, katakonka."

Ya ce, "Bar shi." Ya ci gaba da shafa man. Can ya ce, "Ɗana, yaya ake ji?"

Na ce, "Ciwon? Da sauƙi."

"A'a. In an tashi. In ruwa ya ɗauke ka."

Na dube shi. Na ce, "Kai da ka koya mini?"

Ya ce, "Ni igiya nake kula da ita. Ba a barin ma'aikaci ya hau. Daga cikin jirgi na koya, da ido."

Sai a lokacin na tuna cewa ko sau ɗaya bai taɓa ce wa kowa shi da kansa ya hau ba. Ana tsayawa, haka yake cewa kullum. Ga shi zaune yana jira, ya tsayar da hannu a kan ciwon, fuskarsa kamar ta mai sauraron labarin Makka daga bakin alhaji. Ni kuma ɗan shekara goma sha takwas, ban san ta inda zan fara ba. Na ce, "Akwai daɗi."

Ya gyaɗa kai. Ya jira ko zan ƙara, ban ƙara ba.

Bayan nan fari ya zo, daga baya aka datse kogin can sama, bai sake cika irin ta da ba. Kawu ya rasu a shekara ta biyu ta farin. Na yi shekaru ina shirya amsar da ta kamace shi, yanzu na san ta tsaf, zan iya kaiwa la'asar ina faɗa masa. Kalma biyu kawai ya samu daga wurina.