Sarewar da Muka Daidaita a Lambun Goudel

Shekarun baya, lokacin da nake koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Bobiel, ni da abokina muka ɗauki nauyin koya wa yara busa sarewa duk ranar Asabar. Shi Bazabarme ne ɗan Goudel, ni kuwa iyayena daga Maraɗi suka zo. Sarewar gora muke yi musu da kanmu. Aikin ya rabu: ni ke da hannu, shi ke da kunne. Nawa kunnen, gaskiya, na rataya tabarau ne kawai.

Sarewar ɗan koyo sai an daidaita ta sosai, don yaro bai san yadda zai gyara sauti da numfashinsa ba. In hujin ya yi faɗi, sauti ya hau, sai a rage shi da kakin zuma. In ya yi ƙanƙanta, a ɗan kankare da tsinin wuƙa. A lambun gidansu da ke bakin kogi muke yin wannan. Ina zama gindin mangwaro da kayan aiki, shi kuma ya tafi bayan zana, can wajen ruwa, da tasa sarewar. Cewa yake daga nesa ne kunne ba ya ƙarya. In busa, ya amsa mini da sautin daidai, in yi ta gyara har biyun su haɗu.

Ana gab da bikin rufe lakwal muka yi alkawarin haɗuwa wata Alhamis bayan la'asar. Na iso na tarar ƙofar lambun a buɗe, ba kowa. Na kira wayarsa, a kashe. Na zauna na fara aiki ni kaɗai, na busa sarewar farko.

Sai aka amsa daga bayan zana.

Busarsa ce. Yana da wata 'yar rawar numfashi a ƙarshen sauti wadda ko cikin mutum ɗari zan gane ta. Na ɗaga murya na ce, "Ashe kana nan ka bar ni ina ta kiran waya?" Sai kawai ya sake busa sautin. Na ce a raina iskancinsa ne ya motsa, na ci gaba. In na yi sama ya ja ni ƙasa, in na dace ya yi shiru, kamar kullum. Har zolayarsa na yi ta yi, ina ba shi labarin daraktan lakwal ɗinmu.

Abin da na lura da shi daga baya ne ya dame ni. Lambun nan kullum cike yake da kukan tsuntsaye da ƙarar injin ban-ruwa na maƙwabta. Ranar babu ko ɗaya. Daga ni sai shi.

Ina kan sarewar ƙarshe, huji na huɗu, ya fara sautin sai ya yanke a tsakiya. Na jira. Na busa, shiru. Na tashi na zagaya bayan zana. Kututturen da yake zama a kai na nan, ƙasar wajen jiƙe take da ruwan da ya ja baya, kuma babu sawun kowa a kanta sai wanda ƙafata ta yi a lokacin. Ban san sa'ad da na tattara kaya ba. Wuƙar ma can na baro ta.

A ƙofar gidansu na haɗu da ƙanwarsa ɗauke da kwanon abinci. Ta ce, "Mushe," yadda ake kiranmu mu malaman lakwal, "ba ka ji ba? Tun safe yana likita. Zazzaɓi ya hau masa kai, bai san wanda ke kansa ba."

Na same shi a asibiti kwance an sa masa ƙarin ruwa, mahaifiyarsa na zaune a gefen gado tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗana, ka zo da kyau. Ɗazu mun ɗauka ya tafi." Ta ce tun bayan la'asar yatsunsa ke motsi a kan ƙirjinsa, suna tashi suna sauka, leɓensa a tsuke. Can sai suka tsaya cak, numfashi ya ɗauke, sai da likitoci suka taru a kansa kafin ya dawo. Na zauna a ƙasa, jakar sarewa a cinyata, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Bayan 'yan kwanaki Allah ya ba shi lafiya. Ranar da ya fara gane mutane, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da wata siririyar murya, "Ta ƙarshen nan, hujinta na huɗu, ba mu gama ba. Ta yi sama."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Kai dai ka sa mata kaki." Ya juya ya koma barci.

Da ya warware na tayar masa da zancen, ya rantse bai tuna ya faɗi haka ba. Kawuna ya ce wataƙila makiyayi ne a tsallaken kogi, iska ta kawo mini busarsa. Mahaifiyata ta ce in yi sadaka in rufe bakina. Na yi sadakar. Bakin ne ya gagara, ga shi yau ina ba ku labari.

Yaran sun yi busarsu a bikin, babu sarewar da ta fita daga cikin 'yan'uwanta, har da ta ƙarshen, bayan na sa mata kakin. Abokina na zaune a layin gaba, a rame, yana kaɗa kai.

Har yau ban san me na ji a lambun nan ba, kuma na daina neman sani. Muna nan tare, muna koyar da yara. Abu ɗaya ne ya sauya. Duk ranar da za mu daidaita sarewa, ba na barinsa ya tafi bayan zana. Yana mita, yana cewa kusa ta yi yawa, kunne zai ruɗe. Nakan ce masa ya ruɗe ɗin, ya dai zauna inda idona ke ganinsa.